Dokta Safiyanu da Miyar da Ba Barkono

Safiyanu ɗan fari ne a wurin Joda, wani Bafulatani da ya gaji da bin shanu tsakanin Dukku da bakin kogin Gongola, ya rage garkensa ya shigo Gombe ya zama dillali a kasuwar shanu. Joda ba shi da wani buri sai ɗansa ya zama likitan dabbobi, domin ya sha gani da idonsa yadda ciwon huhu ke share garke a damina ɗaya. Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa, amma shi da lissafi jininsu bai haɗu ba. Abin da ya sace masa zuciya a sakandare shi ne darasin tarihi, musamman ranar da malaminsu ya zana tafkin Chadi a allo, ya ja layuka daga nan zuwa Fezzan da Masar, can ƙetaren hamada, ya ce da can ayarin raƙuma kan bi waɗannan hanyoyi ɗauke da gishiri da kanwa da littattafai. Tun daga ranar Safiyanu bai sake ɗaga ido ya dubi wani fanni ba.

Joda ya yi tsawon rai har ya ga ɗansa ya zama dokta. Da aka yi masa bayani cewa wannan irin doktan ba ya duba mutum, ba ya duba saniya, sai dai sarakunan da suka daɗe a ƙarƙashin ƙasa, tsohon ya shafa gemu, ya ce to madalla, ko ba komai babu wanda zai mutu a hannunsa.

Fannin da Dokta Safiyanu ya ƙware a kai shi ne zamanin daular Kanem da Borno, lokacin da masana ke kira tsakiyar zamani, wato kafin jiragen ruwan Turawa su buɗe hanyar teku. Ko a nan ɗin ma ba yaƙe-yaƙe da jerin sunayen sarakuna ne suka dame shi ba. Shi tambayarsa ita ce me mutanen wancan lokaci suke nomawa, me suke saye a kasuwa, me suke ci. Yakan yini a kan guntun bayanin wani matafiyi Balarabe, yana juya kalma ɗaya don ya gane gero ake nufi ko dawa. Ya buga maƙaloli da Turanci a mujallun masana, ya halarci taruka a Zariya da Ibadan, inda 'yan tsirarun mutane kan zauna su saurare shi, rabinsu ma jira suke ya sauka su hau.

Ofishinsa a jami'a ɗan ƙarami ne, kuma su biyu ne a ciki, shi da Dokta Selina, 'yar ƙabilar Tangale da ke zaune a unguwar Herwagana. Ita aikinta tonon kufai. Takan je tsofaffin matsugunai ta haƙo tsingaron tukwane da ƙonannun ƙwayoyin hatsi, ta kawo su ofis leda-leda, har Safiyanu kan yi mata tsiya cewa ta mayar musu da ofis juji. Ita kuma sai ta ce gara jujinta, don tsingaro ba ya yi wa sarki fadanci, ba kamar marubutan da shi yake bi ba.

A unguwar Federal Low-Cost yake zaune da matarsa Rauda, malamar firamare, da 'ya'yansu. Rauda Babarbariya ce, shi ya sa wasan nan na Fulani da Barebari ba ya ƙarewa a gidan. Akwai kuma Ya Falmata, yayar mahaifiyar Rauda, wadda rikici ya raba da garinsu a gaɓar tafkin Chadi, ta iso Gombe da ƙullin kaya ɗaya. A can garinsu, in ji Rauda, ba a biki ba a suna sai an kira Ya Falmata ta tsaya a kan tukwane. Amma tun da ta zo ba ta taɓa ludayi a kicin ɗin Rauda ba. Takan zauna a ɗakinta na baya tana haɗa turaren wuta na sayarwa, ta yi salla, ta saurari rediyo, in an gaishe ta ta amsa a taƙaice. Safiyanu yana ganin girmanta ƙwarai, shirun nan nata kuma yana damunsa, bai dai san ta inda zai ɓullo masa ba.

Wata shekara jami'a ta fito da tsarin cewa kowane sashe ya riƙa fita gari yana faɗa wa jama'a abin da yake bincike a kai. Shugaban sashen tarihi, Farfesa Mudathir, ya ɗora wa Safiyanu aikin, tun da shi ne bakinsa ba ya iya furta a'a. Aka samu ɗakin taro, aka buga fosta, ya ɗinka sabuwar babbar riga. Ya juya maƙalarsa zuwa Hausa, irin Hausar da ko shi da ya rubuta sai ya maimaita jimla kafin ya gane ta. Ranar lacca ɗalibansa suka cika kujerun gaba, don sun san zai gane wanda bai zo ba. Daga cikin gari kuwa 'yan dattawa ne ƙalilan, sai wani mai tallar agogo da ya shigo don ya sha iskar fanka. Ana tsakiyar bayanin taswira wuta ta ɗauke, majigi ya mutu, fanka ta tsaya, mai agogo ya kwashi kayansa ya fice. Da aka zo lokacin tambayoyi hannu ɗaya aka ɗaga, shi ma wani ɗalibi ne ke son sanin ko abin zai fito a jarrabawa.

Washegari da rana yana falo yana cin tuwon masara da miyar taushe, jikinsa a sanyaye. Rauda ta zauna kusa da shi, don ta rage masa zafi ta ce, Abban Ikhlas, wai me ka gaya wa bayin Allahn nan ne jiya? Ya dubi kwanon gabansa ya ce in zai taƙaice mata, kusan duk abin da ke cikin kwanon nan baƙo ne. Masarar tuwon, da kabewar miyar, da gyaɗar, da tumatir da tattasai da attaruhu, duk daga wata nahiya can bayan teku aka kawo su, ba su iso nan ba sai daga baya. Haka rogo, haka dankali. Manyan sarakunan Kanem da suka yi ta zuwa hajji da ayari, in ji shi, sun rayu sun mutu ba su taɓa jin zafin barkono a harshensu ba.

Bai san Ya Falmata na tsakar gida tana shanya turare dab da taga ba. Sai ga ta a bakin ƙofa ta dafa ƙyaure.

"Malam, me na ji ka ce? Sarkin Borno ne bai ci barkono ba?"

Ya tsame hannu daga kwano ya gyara zama, ya ce na farkon dai ba su ci ba, Ya, don a lokacinsu babu shi a ƙasar nan.

"To da me aka yi musu miya, da ruwan tafki?" ta ce. "Kai Bafulatani, in maganar nono ce sai mu zauna mu saurare ka. Miyar Borno kuwa ka bar wa masu ita."

Rauda ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya Falmata ta shigo ta zauna a gefen kujera, abin da ba ta saba yi ba, ta shiga kawo hujja. Kakarta ta daka barkono a gabanta, kakar kakarta ma haka aka ce tana yi. Safiyanu ya ce duk ya yarda, amma ko an jera kakanni bakwai ba za a kai zamanin da yake magana ba. Ta ce ya kawo mata wanda ya je ya gani. Ya ce babu shi, sai dai alamu: matafiyan da suka lissafa abincin ƙasar ba su ambaci barkono ba, masu tono ba su sami ƙwayarsa a tsofaffin kufai ba, sannan an san ƙasar da aka fara shuka shi. Har aka kira la'asar ba a gama ba. Tuwo ya huce, ba wanda ya ja da baya, kuma Safiyanu ya tafi masallaci yana murmushi shi kaɗai, don bai taɓa jin tsohuwar ta yi magana mai tsawon haka ba.

Magana ba ta tsaya a gida ba. Rauda ta kai ta ofishin malamai a makarantarsu, Ya Falmata ta kai ƙara wurin matan Borno masu zuwa sayen turare, su kuma suka kai wa mazajensu. Kafin mako ya zagayo, in an idar da salla sai a tare Dokta a ƙofar masallaci. Wani tsohon ma'aikacin gwamnati ya ce in babu gyaɗa to babu ƙuli-ƙuli, in babu ƙuli-ƙuli babu yajin tsire, shi kam bai ga amfanin sarauta irin wannan ba. Wani ya ce ai makircin Turawa ne, duk abin kirki sai su ce su suka kawo. Safiyanu ya ce a'a, su ma Turawan aro suka yi daga mutanen waccan nahiya, kuma namu ma sun ƙetara can, irin su dawa da wake da kuɓewa. Hatta mai keke napep da ke kai shi bakin jami'a sai da ya rage gudu ya tambaye shi ko gaskiya ne mutanen wancan zamani ba su san shayi ba.

Ya ba Selina labarin a ofis, muryarsa ta dishe don yawan bayani. Ta ajiye tsingaron da take gogewa ta dube shi.

"Dokta, shekara nawa kana rubuce-rubuce ba wanda ya tanka maka? Yau ka taɓa musu miya, gari ya tashi. Ka daina ba su lacca, ka ba su abinci."

Shawararta ita ce a yi walima a cikin unguwa, a dafa abinci da kayan da ake da su a wancan zamani kaɗai, kowa ya zo ya ɗanɗana, in da tambaya a yi ta a bakin tukunya. Suka kai wa Farfesa Mudathir. Ya saurare su tsaf, ya ce shi ba zai hana ba, motar sashe ma ya ba su, sai dai Safiyanu ya tuna cewa kwamitin ƙarin girma maƙala yake ƙirgawa, ba tukunya ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne Safiyanu ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, kuma tsofaffin marubutan nan nasa ba su bar wa kowa bayanin yadda ake haɗa miya ba, sunayen kaya kawai suka ambata nan da can. Don haka wata safiya ya je ƙofar ɗakin Ya Falmata ya durƙusa ya gaishe ta, ya faɗi buƙatarsa. Ta ci gaba da juya turarenta a faranti. Daga bisani ta ce za ta yi, amma ya sani don abu ɗaya za ta yi, don duk Gombe ta taru ta shaida cewa miyar da ba barkono ba abinci ba ce, shi kuma ya ji kunya a gaban jama'a. Ya ce ya amince. Rauda ta miƙa mata kicin da hannu biyu.

Suka shiga babbar kasuwa tare, tsohuwa a gaba, dokta a baya riƙe da jakunkuna. Duk abin da ta ɗauka sai ta waiwayo ta ɗaga masa, shi kuma ya yanke hukunci. Gero da dawa da acca sun wuce, wake da gujiya, wato ƙwaruru, da riɗi sun wuce, haka kuɓewa da kuka da karkashi da yakuwa da gauta, da daddawa da kanwa da man shanu da zuma da tsamiya da busasshen kifi. Don ɗan zafin miya ya nuna mata masoro da kimba, ya ce waɗannan 'yan ƙasa ne. Da ta ɗaga albasa ya ce yana kyautata zaton akwai ta. Da ta ɗaga wani ganye da bai ma san sunansa ba ya ce gaskiya bai sani ba, kuma ya maimaita wannan kalma sau da yawa kafin su fito. A hanyar dawowa ta ce da shi, mutumin da ke cewa bai sani ba, in ya ce ya sani ana iya ɗan saurarensa. Ta ƙara da cewa kada ya ɗauka ta yarda ne.

Gwajin farko bai ciwu ba. Miyar ta fito lami, yara suka ture kwano suka roƙi uwarsu ta dafa musu taliya. A na biyu masoro ya yi yawa, kowa ya yi ta kurɓar ruwa. Safiyanu ya fara karaya, amma Ya Falmata ta riga ta manta cewa don ta kunyata shi ta karɓi aikin. Abin ya zama tsakaninta da tukunya. Ta soya riɗi ta daka shi da daddawa, ta ɗan ƙona kimba a man shanu kafin ta zuba, ta rage kanwa, ta sa aka nemo mata tukunyar ƙasa don ta ce ƙarfe yana kashe ɗanɗanon kifi.

Wata la'asar, ƙanshin busasshen kifi ya cika tsakar gida, Safiyanu yana zaune a kan turmi yana jiran a ba shi ya ɗanɗana, sai ya ga ludayin ya tsaya a hannunta. Ba tare da ta dube shi ba ta fara ba da labarin garinsu: yadda masunta kan dawo da hantsi kwale-kwale cike, yadda hayaƙin banda kan rufe bakin ruwa, da mijinta marigayi da ba ya cin kifi sai ta cire masa ƙaya kamar yaro, da manyan tukwanenta na biki da ta bari a jingine a bango ranar da suka gudu. Ba ta yi kuka ba, shi kuma bai katse ta ba. Mutumin da ya saba zaro biro da an fara labarin da, ranar ko aljihunsa bai taɓa ba. Da ta gama ta ɗebo miya a ludayi ta miƙa masa. Ya kurɓa, ya sake miƙa hannu.

Selina kuwa ta kawo matan zumunta na cocinsu daga Herwagana, masu hannu a tuwon acca da miyar riɗi da gauta. Suka haɗu da matan Borno a tsakar gidan Rauda. Da farko kowa na ɗari-ɗari, amma da aka fara gardama kan yawan kanwar da ake sa wa karkashi sai ɗari-ɗarin ya watse. Aka yi shawara mahauci Musulmi ne zai yanka awaki don kowa ya ci da kwanciyar hankali, aka kuma tsayar da ranar Asabar bayan azahar, ranar da ba ta shiga hakkin masallaci ko coci ba.

A filin makarantar su Rauda aka yi walimar, ƙarƙashin itatuwan darbejiya, waɗanda Safiyanu ya ce su ma baƙi ne daga Indiya amma za a yi musu afuwa saboda rana. Jama'ar da ta zo ta fi ƙarfin tabarmin da aka shimfiɗa. Wasu gardamar ce ta kawo su, wasu kuwa labarin abinci kyauta, ga kuma 'yan jami'a maza da mata suna ta ɗaukar hoto da waya. Ba a kafa mumbari ba, ba a yi jawabi ba. An dai jera tukwane: burabusko da miyar kifi da riɗi, tuwon dawa da karkashi, tuwon acca, dafaffiyar gujiya, fura da nono, da kunun tsamiya da aka sa wa zuma. Selina ta baza tsingaronta a tebur, da ƙonannen gero a cikin kwalba, mutane suna ɗauka suna juyawa suna tambaya yadda aka san shekarunsa. Safiyanu yana yawo tsakanin tabarmi, hularsa ta karkace, yana amsa tambaya daga nan a jawo shi can. Hausar da ya kasa samu a ɗakin taro ita ce yau take fito masa ba tare da ya neme ta ba.

Farfesa Mudathir ya zo cikin farar shadda, aka ba shi kujera da faranti. Ya ci loma biyu, ya duba hagu ya duba dama, ya sa hannu a aljihu a hankali ya zaro ɗan ƙullin yaji. Bai kai ga kwance shi ba sai ya ga inuwa a kansa. Ya Falmata ce tsaye, ludayi a hannu ɗaya, ɗayan kuma a miƙe.

"Ranka ya daɗe, wannan bai iso ƙasar nan ba tukuna. Kawo in ajiye maka, in jirgin ya zo sai a ba ka."

Farfesa ya miƙa ƙullin kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa, shi da kansa ya fi kowa dariya. Da matan Borno suka tsokani Ya Falmata cewa ashe ta koma bayan Bafulatani, ta ce ita ba ta koma bayan kowa ba, miyarta ce dai ba ta neman taimako.

Rana ta fara sanyi, an ci an ƙoshi, sai wani dattijo da ya zo tare da mutanen Herwagana ya miƙe dogare da sanda. Baba Danny ake kiransa, tsohon malamin makaranta ne. Ya gode wa matan da suka yi girki, sannan ya juya ga Safiyanu.

"Dokta, abinci ya yi daɗi. Amma ina da tambaya. A zamanin nan da kake faɗa, kakannina na kan duwatsu suna cikin masu cin irin wannan ne, ko suna cikin waɗanda ake kamawa a sayar?"

Kowa ya juyo yana duban Safiyanu.  Ya san amsar da za ta sa a yi dariya a wuce, ya kuma san ba ita ce gaskiya ba. Ya matso kusa da dattijon ya ce, Baba, ayarin da ke ɗauko gishiri da littattafai, shi ne kuma ke komawa da mutane a ɗaure, kuma akasari daga kudu ake kamo su. Wannan yana cikin tarihin, ba zai ɓoye ba. Amma ko an taɓa kakannin Baba a wancan lokaci, ba zai iya cewa e ko a'a ba, domin marubutan fada ba su damu da rubuta sunayen mutanen duwatsu ba, kamar yadda ba su cika ambaton makiyaya irin nasa kakannin ba sai in maganar haraji ta taso.

Selina ta ɗauko wani tsingaro mai zane daga teburinta ta sa wa dattijon a hannu. Ta ce a kan wani dutse ta haƙo shi. Mutanen da suka ƙera shi sun yi noma a gangaren dutse, sun narka ƙarfe, sun aurar da 'ya'yansu, sun yi nasu bukukuwan, ba zama suka yi suna jiran mahara ba. Labarinsu bai shiga takarda ba, amma yana nan a ƙasa, tono kawai yake jira.

Baba Danny ya daɗe yana shafa zanen da babban yatsa. Ya ce to, haka ya kamata a riƙa gaya wa yara, da mai daɗin da marar daɗin. Ya ce a saman dutsen ƙauyensu akwai wani tsohon kufai da ko kakansa bai san waɗanda suka zauna a ciki ba, in suna so zai kai su. Sannan ya zauna ya miƙa kwanonsa a ƙara masa miyar kifi, hira ta dawo kamar an buɗe famfo.

Maganar Farfesa ta tabbata, kwamitin ƙarin girma bai ƙirga tukunya ko ɗaya ba, kuma a shekarar Safiyanu bai samu ba. Ya samu a ta gaba, da maƙalolinsa, ciki har da wadda suka rubuta tare da Selina kan abin da suka koya wajen girkin, suka sa sunan Ya Falmata da na matan zumunta a shafin godiya. Wani gidan rediyo ya ba shi fili yana amsa tambayoyin masu sauraro, ajinsa na tarihin Kanem da Borno kuma ya cika har wasu na zama a taga. Ya Falmata ta koma tsayawa a kan tukwanen biki a unguwannin Low-Cost da Gabukka, wani lokaci har da Herwagana, kuma sai an yi mata magana da wuri kafin a same ta.

Bayan an kwashe amfanin gona, lokacin da ciyawa ta kwanta ana iya ganin ƙasa, suka cika motar sashe da ɗalibai da kayan tono suka nufi ƙauyen Baba Danny. Dattijon na zaune a gaba yana nuna wa direba hanya, yana gyara wa ɗalibai yadda ake furta sunayen ƙauyukan da ake wucewa. A gindin dutsen mutanen gari suka tarbe su da ruwa, suka ce Baba ya tsufa da hawa, a bar shi a inuwa. Ya ƙi. Aka hau a hankali, ana tsayawa duk inda ya tsaya. A can sama suka tarar da da'irorin duwatsu inda ɗakuna suka taɓa tsayawa, da dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya, tsingaro kuwa ko'ina ka taka. Selina ta durƙusa ta fara auna fili da igiya, ɗalibai suka kewaye ta. Safiyanu ya tattare rigarsa ya zauna kusa da Baba Danny a kan wani falalen dutse, suna mai da numfashi, gonaki da hanyar Gombe shimfiɗe a ƙasansu. Dattijon ya nuna wata ƙatuwar kuka da sandarsa, ya fara ba shi labarin da ya ji a kanta tun yana yaro.